Man Kitson Shatu

Shekara shida na yi ina zaune a ƙasan Shatu, a wani tsohon bene da ke unguwar Dengfeng a birnin Guangzhou, ita a hawa na bakwai ni a na shida, kuma gidan ba lif. Duk matar da aka gani tana hawan matattakalar nan tana haki, tana tsine wa wanda ya gina gidan, to kitso za ta. Ni Fasuma, sana'ata sarin kayan yara a kasuwar Shisanhang, in ɗaure in aika Kano, don haka ba kullum nake wuni a gida ba. Amma ranar Lahadi ina nan, kuma ta saman ɗakina nake jin komai: jan kujera, shewa, gulma, da ihun wadda aka ja wa gashin ƙeya.

Shatu 'yar Fagge ce. A hannun gwaggonta ta tashi, a wurinta kuma ta koyi kitso tun ba ta kai tsawon turmi biyu ba. Aure ne ya kawo ta Guangzhou. Mijinta Ɗantani ɗan kago ne, shi ke haɗa wa 'yan kasuwa kaya ya loda a kwantena. Shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan, amma Sinancinta bai wuce "nihao" da "meyo" ba, wato sannu da babu, kuma da su take cin kasuwar kayan miya har ta taho da ragi. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana da hannu mai sanyi. Gashinta kuwa har gadon baya, kuma in mata suka taru takan ture ɗankwali da gangan, don kanta shi ne tallarta.

Ruwan garin nan cin gashi yake yi, ko ruwan ne ko zafin da ke dafa kai a cikin hijabi, oho. Shekarata ta biyu goshina ya fara ja da baya, kullum in na taje sai in cika hannu. A nan ne aka ce mini in nemi man Shatu. Wani mai ne kore shar mai duhu, a cikin kwalba, gwaggonta ke haɗawa a Kano ta ba da saƙo, a naɗe cikin leda tare da yaji da daddawa. Sau da yawa ma Ɗantani ne ke tahowa da shi a jakarsa in ya je gida.

Ni kuwa 'yar mai turare ce. A rumfar babana a Kasuwar Kurmi na girma, hancina ba ya ƙarya, kuma dama ban iya yarda da mutum haka kawai ba. Ranar da Shatu ta fara buɗe kwalbar a kaina na ji man kaɗanya, na ji na kwakwa, na ji hulba, na ji kanumfari. Kanumfarin ya yi yawa, irin yawan da ake yi in ana son a danne wani abu. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari da na sani tun ina yarinya, daga kangon bayan gidanmu inda samarin unguwa ke laɓewa.

Na ce, "Shatu, wannan kanumfarin bai yi yawa ba?"

Ta ce, "Sirrin Gwaggo ne. Ke dai ki duba madubi bayan wata biyu."

Na duba. Gashi ya dawo, har da wanda ban san ina da shi ba. A gida ba baƙon abu ba ne a jiƙa ganyen wiwi a man kitso, masu kitso da yawa sun san wannan, kuma ba wanda ke kiran matar da ta shafa shi mashayiya. Na gaya wa kaina ai a kai yake, ba a baki ba. Na ja bakina na yi shiru, na ci gaba da hawa bene duk sati biyu.

Rigimar ta faro ne daga waya. Wani ya turo labari a guruf ɗin ƙungiyarmu ta Hausawan Guangzhou cewa wasu 'yan majalisa a gida na son a halatta noman wiwi don magani da sayarwa waje. Da an yi dariya an wuce, sai Abdulbaƙi ya sa baki. Ɗalibi ne ɗan Zariya, yana digiri na uku a fannin haɗa magunguna, siriri mai tabarau, kuma in ya fara saƙon murya sai ka dafa shinkafa ka sauke bai gama ba. Ya ce a bambanta mai sayarwa da mai sha, a bambanta magani da maye. Ya ce gidajen yarinmu cike suke da yaran da likita ya kamata ya gan su ba alƙali ba. Ya kawo misalin Ghana, ya kawo na Thailand, ƙasashen da suka sassauta dokar wiwi.

Ɗantani ya taso masa kamar zai fito ta cikin wayar. Shi yana da dalilinsa, kuma ban raina dalilin ba: ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya da wiwi ya fara, yau yana ɗaure a gidan mari. Ga shi kuma a sana'arsa ƙulli ɗaya in ya ɓuya a cikin kayan wani ya isa ya rufe shi har abada. Ya ce maganin abin shi ne yadda Sinawa ke yi, ba sani ba sabo. Ya ce Thailand ɗin ma da ake yabo ai ta dawo tana cizon yatsa. Ya ce, "Dakta, duk wanda ka ji yana kare kaya, to yana da kaso a kwantenar."

Daga nan kai ya rabu. Mutanen da suka shekara goma suna cin tuwo a teburi ɗaya a gidan abincin da ke ƙasan layinmu suka koma kowa da kusurwarsa. In an idar da Juma'a, a bakin ƙofa ake rabuwa gida biyu, gaisuwar ma da kan yatsu. Mutanen Ɗantani na ce wa na Abdulbaƙi masu busawa. Na Abdulbaƙi na ce wa na Ɗantani 'yan kai rahoto. In mutum ya yi tari sai a kalli juna. In an ga wani ya tsaya da ɗan sanda yana nuna fasfo, kafin la'asar an ce an gan shi yana ba da sunaye. Ni kaina na sha ƙare wa idanun Abdulbaƙi kallo, in ga sun yi ja, in ce a raina karatu ne kawai ke jan ido haka? Allah ya yafe mini.

Ƙarshenta aka kira taro, Ɗantani ya kawo doka, shugabanmu Alhaji Sha'aban ya sa aka ɗaga hannu, ta wuce da ƙyar. Dokar ta ce duk wanda aka kama da laifin wiwi ko ƙwaya, ƙungiya ba ta san shi ba: ba tafinta, ba lauya, ba takardar shaida. Wanda kuma ya san wani na harkar ya ɓoye, shi ma hukuncinsu ɗaya. Da yamma Ɗantani ya turo saƙon murya na murna. Ina zaune a gaban Shatu tana yi mini shuku lokacin da wata ta kunna shi.

"Wallahi ko matata ce," in ji muryarsa, "ni zan kai ta da hannuna."

Mata suka kwashe da dariya, ana cewa Maman Hafsah kin ji fa, ki kiyayi sigari. Shatu ta yi murmushi. Amma ta ja mini gashi ja ɗaya da sai da hawaye ya fito mini, ita da ba ta taɓa ja wa kowa da zafi irin haka ba.

Da zafi ya shigo sai aka fara jin wani sabon abu. In 'yan sanda sun zo duba takardu, wani lokaci sukan yanki ɗan gashi su tafi da shi, wai gashi na riƙe abin da mutum ya sha na watanni. Maza suka shiga taitayinsu, wasu da ba a taɓa gani da ƙwal-kwabo ba suka wayi gari kai na ƙyalli. Mu mata muna ta yi musu tsiya. A cikin satin nan ne na lura Shatu ta daina ture ɗankwali. Ta koma sa hula a ciki, ta ɗaura ɗankwali a kai, ta ƙulle tamau, a cikin zafin da ko bango gumi yake yi. Na tambaye ta, ta ce sanyin na'ura ke sa mata ciwon kai. Na kalli na'urar, a kashe take.

Ummu Salma matar Abdulbaƙi ce. Yarinya ce mai kunya, tana karatun jinya, saura mata shekara ɗaya ta gama, kuma ita ke koya wa 'ya'yanmu Alƙur'ani ranar Asabar a ɗakinsu da ke unguwar Panyu. Ko a lokacin da maza ba sa ga-maciji, ba wanda ya hana ɗansa zuwa wurinta. Ta haihu a farkon zafin nan, bayan arba'in gashinta ya fara zuba kamar ana karkaɗe tabarma. Ni na gan ta tana ɓoye goshi, ni na ce mata ta zo Dengfeng. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba.

Ta zo ranar wata Lahadi da jaririyarta Nana a goye, ta hau bene bakwai. Shatu ta tsefe mata, ta taje, sai na ga ta miƙa hannu ta ɗauko man kwakwa zalla.

Ummu Salma ta ce, "Anti, ba koren ba? Shi Anti Fasuma ta yi ta yaba mini."

Shatu ta tsaya, hannunta a sama. Mata huɗu na zaune suna jiran layi, duk suka ɗago kai.

Na ce, "Shafa mata mana, Shatu. Ko don mijinta ba ya ɓangaren naki mijin za ki yi mata rowa?"

Aka yi dariya. Shatu ta kalle ni, wani kallo da sai daga baya na gane shi, ta buɗe koriyar kwalba ta lakato. Wata uku Ummu Salma na zuwa, har ta tafi da kwalba guda gida ta shafe ta tas.

Ranar wata Talata da hantsi aka je duba takardu a benensu na Panyu. Aka yanki gashin miji da na mata. Na Abdulbaƙi, wanda rabin gari ya rantse yana busawa, ya fito fes. Na Ummu Salma ya nuna wiwi. Saboda tana shayarwa ba a tsare ta ba, amma aka soke izinin zamanta, aka ba ta kwana goma ta bar ƙasar, makaranta kuma ta ce in ba a wanke ta ba karatunta ya ƙare. Hanya ɗaya ta rage: a nuna inda abin ya fito, a nemi a sake gwaji.

Guruf ya kama da wuta. Wasu suka ce hayaƙin miji ne ya kama ta, shi kuma ya san maganin da yake sha ya wanke jikinsa, ba aikinsa ke nan ba? Wasu suka ce masu shiru-shirun nan su ne abin tsoro. Mutanen Abdulbaƙi suka ce ƙarya ne, wani ne ya kai sunansu, kuma kowa ya san wane ne. Ranar Asabar ba yaro ko ɗaya da ya je karatu. Abdulbaƙi ya je wurin Alhaji Sha'aban neman lauyan da ƙungiya ke hulɗa da shi da takardar shaidar hali. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Abdulbaƙi, ina jin tausayinku, amma da hannuna na ƙirga hannayen nan. Doka doka ce."

Shi mai ilimin magani ne, ba wawa ba. Ya bi duk abin da matarsa ta ci ko ta shafa, ɗaya bayan ɗaya. A rana ta huɗu na ji takun namiji ya wuce ƙofata zuwa sama, na saka hijabi na bi shi. Na same shi a bakin ƙofar Shatu, ya rame, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

Ya ce, "Anti, ki yi haƙuri, ba zarginki nake ba. Don Allah me da me ke cikin man kitson nan? Tata kwalbar ta ƙare, an zubar da ita."

Shatu ta ce, "Kaɗanya, kwakwa, hulba, kanumfari. Shi ke nan."

"Ko zan samu kaɗan in gwada?"

Ta shiga ciki, ta daɗe, ta fito da kwalba ta miƙa masa. Man da ke ciki ruwan ɗorawa ne, sabon haɗi, ko gama daskarewa bai yi ba. Shi bai taɓa kula da kalar man matarsa ba, wane namiji ne ke kulawa? Ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Ya juyo ya gan ni a matattakala, ya ce, "Anti Fasuma, shi ne wanda kuke shafawa ko?"

Kaina a lokacin jiƙe yake da koren, na shekara huɗu. Bizata saura wata biyu a sabunta. Kayana na cikin kwantenar Ɗantani. Kuma ga doka: wanda ya sani ya ɓoye.

Na ce, "Shi ne."

Ya gwada, bai sami komai ba. Kwanaki suka ƙare.

Ana gobe za ta tafi, Ummu Salma ta sake hawa benen nan bakwai da 'yarta. Ta ce ba ta so ta sauka gidan surukanta da kai a tsefe. Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun Shatu kamar kullum, ni ina riƙe da jaririyar. Ba ta yi kuka ba sai da aka kai rabin kai.

Ta ce, "Anti, wallahi ko a hoto ban tantance ganyen nan ba. Babana ya kira ni jiya, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, Ummu, gaya mini gaskiya, ni mahaifinki ne. Na ce Baba ban sani ba. Ya yi shiru. Shirun nan ne ya fi mini ciwo."

Shatu ta yi mata kitso mafi kyau da na taɓa gani ya fito daga hannunta, ƙanana, a jere, a bushe, ba ta taɓa ko wace kwalba ba. Da aka gama Ummu Salma ta rungume ta ta ce, "Ku kaɗai ne ba ku guje ni ba, ke da Anti Fasuma." Na ji kamar in nutse a ƙasa don kunya.

Ranar Lahadi da safe, kafin mata su fara zuwa, na hau sama na tura ƙofa na murza makulli. Na zauna a kujerar kitso na cire ɗankwali.

Na ce, "Aske mini. Duka."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta juya za ta ɗauko almakashi, ni kuma na miƙa hannu na fizge ɗankwalinta da hular gaba ɗaya. Gashin nan na gadon baya babu shi. Amma ba sabon aski ba ne. Ya tofo ya kai gaɓar yatsa biyu, har ya fara nannaɗewa. Wannan tofon ba na kwana goma ba ne, na wata huɗu ne ko fiye.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun satin da aka fara yankar gashi."

"Kika tsira da kanki, kika ci gaba da shafa wa mutane? Kika shafa wa mai jego?"

Ta karɓi ɗankwalinta daga hannuna a hankali. Ta ce, "In na ce na daina, mata arba'in za su tambaye ni me ya sa. Kafin magariba maganar ta kai kunnen mazansu. Baban Hafsah da hannunsa ya ratso filin jirgi da kwalaben nan, shekara tara, bai san me ya ɗauko ba. Ba shan wiwi za a ce ya yi ba, shigo da ita za a ce. Kin san hukuncin wannan a ƙasar nan. Kuma kin ji rantsuwar da ya yi, kin san shi, zai cika ta ko da shi za a fara rufewa. To gaya mini, Fasuma, wa zan miƙa? Shi, ko ita?"

Na ce, "Da kin ɗauko man kwakwar kin tsaya a kai."

Ta ce, "Na ɗauko. Wa ya ce in shafa mata?"

Ta dafa kaina ta karkatar, ta ce, "Ke da kika ji warinsa tun ranar farko." Sannan ta fara yanka. Gashin da ta shekara huɗu tana reno ya riƙa zubowa a cinyata, ta tattara shi a leda ta ƙulle, ta ce kada in zubar a kwandon sharar gidanmu.

Daga baya ta sanar cewa Gwaggo ta tsufa, ta daina haɗa mai. Na zaci za a yi ta ƙorafi. Ba wadda ta ce komai, ko ɗaya. Sai na fara lura da kawunan mata a wurin suna da walima: wannan ɗankwalinta ya kwanta, ba gashi a ƙarƙashinsa, waccan ma, matar Alhaji Sha'aban ma haka. Na ƙirga goma sha bakwai na daina. Ashe ba ni kaɗai ke da hanci ba. Muna gaisawa, kowa na kallon goshin kowa, ba mai cewa komai. Maza kuwa har yau suna can suna musu a guruf, Ɗantani na kafa hujja da Ummu Salma cewa dokarsa ta yi aiki. Abdulbaƙi ya fita daga ƙungiya, in mun haɗu a jirgin ƙasa yakan gaishe ni da ladabi, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Shatu na nan tana kitso, layi bai ragu ba. Watan jiya ta kira ni sama ta miƙo mini wayarta. Saƙon muryar Ummu Salma ne daga Zariya.

"Anti Shatu, ina wuni, ya su Hafsah? Anti, gashin nan ya sake zubewa tun da na dawo. Na ce tunda ga ni kusa da Kano, ko za ki turo mini lambar Gwaggo, in je da kaina in ga yadda take haɗa man nan. Koren fa, Anti. Ba irin wanda kika ba Abban Nana ba."

Sau biyar muka saurara. Muryarta a sanyaye take kamar kullum, har da 'yar dariya a ƙarshe. Shatu ta ce, "Ke mai hanci, ta sani ko ba ta sani ba?"

Na ce mata wannan karon ban ji warin komai ba. Saƙon na nan a wayarta, yau kwana ashirin da shida, ba ta amsa ba, ba ta kuma goge shi ba.